Kwalayen Mushe Haruna

A bangon zaurena akwai wata takarda cikin gilashi, wadda ƙungiyar marubuta ta ƙasa ta aiko mini daga Yamai. An rubuta a kanta da Faransanci cewa ni mai kare 'yancin faɗar albarkacin baki ne. Ku ƙanana kuna nuna wa abokanku ita kuna alfahari. Yayanku babba kuwa, in ya shigo gaishe ni, sai ya zauna ya ba ta baya. Dukanku ba ku san yadda abin ya faru ba. Na ga gara in rubuta shi da hannuna tun ina iya riƙe alƙalami, don kada bayan raina wasu su mai da ni jarumi, wasu kuma su mai da ni wawan da ya zubar da arzikin gidansa saboda littafin da bai ko karanta ba. Maganar rashin karantawar gaskiya ce. Sauran kuma ga yadda ya kasance.

Ni dillalin hatsi ne, kuma mai masauki. Ban gaji komai ba. Da tiya ɗaya ta awo na fara a kasuwar Tasawa, ina auna wa mutane gero suna ba ni abin da ya samu, har Allah ya sa na gina mangaza ta ajiyar kaya, na sayi kamiyo, wato babbar motar kaya. Abin da ya kai ni can ba wayo ba ne kaɗai, ko da yake ina da nawa. Wata ƙa'ida ce da na tarar tsofaffin dillalai suna bi, na riƙe ta gam. Baƙo in ya sauke kayansa a gidanka, ba ka kwance su, ba ka sayar, ba ka miƙa wa kowa sai ka ji daga bakin mai su. Ɗansa ko matarsa ba su isa ba. In ciniki ya zo, ka je ka same shi, ka faɗa masa abin da aka taya ba ƙari ba ragi, sannan ka tambaye shi: a sayar ko a riƙe? Kuma ba ka sa taka riba ko taka asara cikin maganar, don in ka sa, to ka daina zama dillalinsa, ka koma abokin cinikinsa. Saboda wannan ne mutum zai taso daga ƙauyen da ban taɓa zuwa ba, ya jibge mini noman shekararsa, ya koma gida ba ko takarda a aljihunsa.

Mushe Haruna tsohon malamin lakol ne, wato makarantar boko, mutumin Atantane; Mushe kuwa haka muke kiran malaman boko. Da ya bar aiki sai ya koma noman wake, duk kaka yana kawo mini 'yan buhunansa. Ba abokina ba ne. Siriri ne mai gardama, yakan zo da tiyarsa daga gida ya sake auna abin da na auna, a gaban mutane. Wannan shekarar, bayan an gama girbi, ya roƙi direbana ya ɗauko masa wasu kwalaye daga wurin masu buga littattafai a Maraɗi. Da suka iso ya ce ɗakinsa akwai gara, in ajiye masa.

Na ce, "Mi ke ciki, Mushe?"

Ya ce, "Littafi. Ni na rubuta shi, da Hausa."

"A kan mi?"

"A kan burtali. Za ka karanta, ko sai an auna maka shi da tiya?"

Na ce a jera su a kusurwa bisa katako, kusa da buhunansa. Burtalin da yake nufi kowa ya san shi, hanyar dabbobi ce da ke gangarowa daga arewa ta wajen Isawan. Shekara da shekaru wasu masu hali suna cin gefenta da garma suna kewayewa da waya, har ta matse, duk damina sai an yi rikici tsakanin makiyaya da manoma. Ban ɗauka maganar za ta shafe ni ba. Ni wake nake sayarwa.

Ashe kafin Mushe ya tafi ya zari littattafai 'yan kaɗan ya raba wa abokansa, ɗaya kuma ya faɗa hannun Alhaji Mati. Ku ƙanana ba ku san Alhaji Mati da ƙarfinsa ba. A lokacin manyan motocinsa ne ke kwashe waken yankinmu suna ƙetarawa da shi kudu, kuma mafi yawan abin da ke fita daga mangazata shi ke saye. Littafin ya ambaci sunansa cikin masu waya a burtali. Ya kai ƙara cewa an ɓata masa suna, aka kira Mushe, aka tsare shi a gidan kaso kafin shari'a. Ba a daɗe ba Alhaji ya zo mangaza da kansa, abin da bai taɓa yi ba. Ya ƙi kujera, ya zauna bisa buhu, muka gaisa sosai, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya.

Sannan ya ce, "Alhaji Labo, an ce kana ajiye da kayan malamin nan. Ni ba na son tsoho ya mutu a kaso ta dalilina. Ka ba yarana kwalayen su ƙone, gobe in janye ƙara ya tahi gida. Kowa ya huta."

Na ce, "Tayi ne mai kyau, Alhaji. Zan kai wa mai kaya."

"Mai kaya yana kulle. Kai ke da mabuɗi."

"Mabuɗin ɗaki gare ni. Kayan nasa ne."

Ya yi murmushi, ya dubi buhunan wake da suka kai rufi, ya ce bana an yi wake, Allah ya sa kada ya kwana da yawa, don ƙwari ba su da haƙuri. Na ce amin. Duk mun fahimci juna.

Cikin makon nan mutanen ƙungiyar marubuta suka iso daga Yamai a motar haya, su biyu: wani aboka, wato lauya, da wata mata da ake kira Madam Rabi, magatakardar ƙungiyar. Gajeruwa ce mai tabarau, muryarta ta fi ta masu tallan kasuwa. Tatsuniyoyin yara take rubutawa, amma ita ma an taɓa tsare ta saboda wani rubutu a jarida. Duk inda suka nemi masauki a garin aka ce ba wuri, don ba wanda ke son Alhaji Mati ya ji. Suka zo wurina saboda littattafan. Baƙi ne, na sauke su, mahaifiyarku Hajiya Zali ta share wa Madam ɗaki a cikin gida. Ko ruwa ba ta gama sha ba ta ce in ba ta kwalayen. Shirinta shi ne a watsa littafin ko'ina da sauri, don littafin da ya shiga hannun mutane ba ya ƙonuwa, kuma in ƙasa ta san abin da aka rubuta, zai yi wuya a manta da marubucin a kaso. Na ba ta amsar da na ba Alhaji, kalma da kalma.

Ta cire tabarau ta ce, "Alhaji, mu ne ƙungiyarsa. Ɗanmu ne, yana da katinmu. Saboda shi muka taso."

Na ce, "Ko uwarsa ce ta taso daga kabari, Madam, sai na ji daga bakinsa."

"Faɗa mini gaskiya, nawa aka ba ka?"

"Ba a ba ni ba tukuna. An dai nuna mini abin da za a karɓe."

Ta mai da tabaraunta. Hajiya da ke bakin ƙofa da kwanon fura ta ce, "Madam, sha furarki. Ni da na aure shi na taɓa neman tiya ɗaya ta gero daga buhun baƙo, ga yara na kuka, ya hana ni. Ke da kika zo jiya mi za ki samu?"

A cikin gida ma maganar ba ta kwanta ba. Yayanku ya zo hutu daga jami'a a Yamai, saura masa shekara guda ya gama karatun aikin gona. Shi ya fi kowa ganin abin da ke tafe, kuma ban taɓa cewa ya yi kuskure ba. Ya same ni a tsakar gida ya ce, "Baba, mutumin nan ko gaisuwar kirki ba ya yi maka. In ka ba da kwalayen shi ma ya fita, mu ma mun tsira. Wa aka cuta?" Na ce wataƙila ba kowa, amma ba ni zan yanke ba. Ya ce to in na je wurinsa, in faɗa masa abin da zai same mu, ya sani. Na ce wannan ba ya cikin abin da dillali ke kaiwa. Ya dubi mahaifiyarsa don ta sa baki. Tana tankaɗe, ba ta ɗaga kai ba ta ce, "Tun da na shigo gidan nan ban ga an kwance kayan baƙo ba, kuma da shi muka ci muka sha. Amma Alhaji, ka sani in abin ya zo, a tukunyata zai fara sauka, ba a zaurenka ba." Haka kuwa aka yi.

Kafin wannan lokaci ina ɗaukar marubuta mutane ne marasa aikin yi. Zaman da suka yi a gidana ya gyara mini tunani. Ba su da kuɗi, karo-karo suke yi, amma sun san aiki. Abokan yana ta zirga-zirga da takardu. Madam tana waya da gidajen rediyo, tana aika wa matar Mushe cefane a Atantane, tana neman maganin ciwon suga da yake sha. Na ga abin nasu kamar namu ne na dillalai: in an tare kayan ɗayanmu a hanya, duka muke tashi mu je, ko da wanda aka tare ɗin ba ma shiri da shi. Ta faɗa mini ita ma ba ta yarda da duk abin da Mushe ya rubuta ba, kuma a taronsu ya fi kowa ba ta ciwon kai. Abokan kuma ya tabbatar mini babu wani umarnin alƙali da ya hana littafin. Ku riƙe wannan: da alƙali ya aiko da takarda, da na miƙa kwalayen, don hukuma daban take. Alhaji Mati ba hukuma ba ne.

'Yan ƙungiyar ne suka samo mana izinin ganin Mushe. Muka je da hantsi, ni da Madam, ɗauke da tuwon da Hajiya ta yi. Aka fito da shi ya zauna bisa benci. Ya rame, ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ba ya shiga. Abin da ya fara tambayata shi ne ko gara ta taɓa kwalayen. Na ce ba ta taɓa ba. Sai na tsuguna a gabansa kamar yadda nake yi wa kowane mai kaya, na ce an yi tayi biyu. Na farko, a ƙone, ka kwana gidanka gobe. Na biyu, a fitar a sayar, ka zauna nan har shari'a, ba wanda ya san ranarta, ba kuma wanda ya san yadda za ta ƙare.

Ya ce, "Kai mi ka gani, dillali?"

Na ce, "In da wake ne, da na ce ka karɓi tayin farko. Ka tsufa, ga ciwo, ga tsohuwa ita kaɗai a gida. Littafi kuma kana iya sake rubuta wani."

"Wanga ba zan iya sakewa ba. Tsofaffin da suka nuna mini iyakokin burtalin, rabinsu sun mutu." Ya juya wajen Madam. "Ke fa, Rabi? Yau ba ki da baki?"

Na zaci za ta yi masa huɗuba, don duk kwanakin nan maganarta ɗaya ce, a fitar da littafi. Amma tun da aka fito da shi idonta na kan ƙafafunsa. Ta ce, "Mushe, ƙungiya ba ta zo don littafi ba, don kai ta zo. In ka ce a ƙone, ni zan tsaya gaban taro in ce ka yi daidai, kuma ba wanda zai ɗaga maka gira." A ranar na fara girmama matar nan.

Ya daɗe yana murza gwiwarsa. Sannan ya dube ni ya ce, "Alhaji Mati shi ke sayen wakenka. Kai mi zai same ka?"

Na ce, "Wannan ba ya cikin cinikin. A sayar ko a riƙe?"

Ya ce, "A sayar."

Da mai kaya ya yi magana, sauran aikina ne. Madam ta so a yi taro a babban ɗaki, a gayyaci manya, a yi jawabai. Na ce mata ba a kai kaya inda masu saye ba sa zuwa. Na raba kwalayen ga masu awon da nake hulɗa da su, suka tafi da su kasuwannin ƙauye tare da hatsi: Mayahi, Baudeta, Isawan, Atantane, har ƙananan da ba su da suna a taswira. Matsalar ita ce yawancin waɗanda abin ya shafa ba su karanta boko. Sai na ce a yi yadda muke yi da sabon kaya, a ba da ɗanɗano. 'Yan ƙungiyar da ke Maraɗi suka riƙa zuwa ranar kasuwa, mutum ya hau bisa amalanke a kara, inda ake cinikin dabbobi, ya karanta shafi ɗaya da ƙarfi. Na gargaɗe su cewa in an zo daidai wurin da mutane suka miƙa wuya, a rufe littafin. Wani marubuci ya ce wannan wulaƙanta adabi ne. Na ce ya gwada sau ɗaya. Ya gwada a Isawan, ya dawo ba ko ɗaya a jakarsa, ya ce wani Buzu ya sayi uku, wai ɗaya na karantawa, biyu na ajiya. Kafin ruwan farko kusurwar nan ta zama fili. Lokacin da Alhaji Mati ya nemi a zo a kwashe, katako kaɗai ya rage.

Sai abin ya zo. Motocin Alhaji suka daina tsayawa a ƙofata, sauran manyan masu saye kuma suka bi sahunsa, ba don sun ƙi ni ba, don suna tsoronsa. Na fara fitar da waken baƙi ta hannun ƙananan 'yan kasuwa, kaɗan kaɗan, har kowa ya sami nasa. Nawa, wanda na zuba duk jarina a ciki, ya zauna. Zafi ya shigo, ƙwari suka shiga. In ka sa kunne jikin buhu kana jin motsinsu. Abin da ya rage na sayar wa masu kiwo a matsayin abincin dabba. Na sayar da kamiyo. Hajiya ta sayar da awakinta ba ta faɗa mini ba, sai da na ga turken ba komai. Yayanku bai koma jami'a ba. Ya ajiye littattafansa cikin akwati ya zo ya zauna a bakin mangaza yana awo, kamar yadda na fara.

Mushe ya cinye daminar nan duka a kaso. Ƙungiya ba ta yi watsi da shi ba, abokan ya yi ta zuwa, rediyo na ta ambatonsa, har aka yi shari'a aka yanke masa ɗaurin je-ka-gyara-halinka, ya fito. Ƙafarsa ta hagu ba ta sake warkewa ba. Burtalin kuwa, an turo kwamiti, an ja waya baya a wuri ɗaya, sauran yana nan yadda yake. Ni da Alhaji Mati muna gaisawa a wurin jana'iza. Kada wani ya gaya muku littafin ya gyara duniya.

Da ya fito, kafin ya wuce Atantane ya biyo ta mangaza yana dogara sanda. Ya leƙa kusurwar, ya ga katako, ya ce, "To, yaya ka ga littafin?" Na ce ban karanta ba. Kafin ya ce a sayar ba ni da ikon buɗewa, bayan ya ce kuma kaya ne na sayarwa, ban rage ko ɗaya ba. Ya kira ni jahilin attajiri. Ya aika aka aro ɗaya wurin wani mai shayi, duk ya sha maiƙo, ya zauna bisa buhu ya karanta mini da bakinsa, yini biyu muna yi. Wajen tsakiya na tsayar da shi na ce bai yi wa ƙananan manoma adalci ba, ya haɗa mai neman abin kai wa baki da mai waya ya yi musu kuɗin goro. Ya ce ban fahimta ba. Na ce na fahimta sarai, ni nake sayen wakensu. Muka yi ta yi har aka kira la'asar. Har ya rasu ba mu daidaita a kan wannan babin ba, kuma bai daina zuwa da tiyarsa ba.

Yanzu kai, babban gida, da kai nake. Na san abin da ke ranka. Kana cewa da na buɗe baki na faɗa wa Mushe abin da zai same mu, da ya ce a ƙone, don duk gardamarsa ba mugu ba ne. Gaskiyarka. Ni ma na san haka tun ina tsugune a gabansa, shi ya sa ban faɗa ba. Da na faɗa, da ni na yanke, na ari bakinsa kawai. Karatunka ya tafi a cikin wannan cinikin, kuma ba a tambaye ka ba. Ba ni da abin da zan biya ka da shi, ba kuma zan ce maka alheri ne a ɓoye ba, don ban sani ba. Takardar da ke bango ba ni na roƙa ba. In ka ga dama ka cire ta ran da na mutu.

Mabuɗin mangaza yana hannunka yanzu. A kakar bara ina zaune a zaure na ji wani saurayi daga wajen Baudeta yana ta roƙonka ka ba shi buhu biyu cikin geron mahaifinsa, yana rantsuwa cewa tsohon ne ya aiko shi. Ka saurare shi har ya gama, ka sa aka ba shi ruwa da kuɗin mota, ka ce ya je ya zo da mai kaya. Sai ka shigo cin abinci. Ka zauna inda ka saba zama, bayanka ga bangon, muka ci tuwonmu.